Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Wane Lauya Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Ɗauka In Bashi Ya Yi Masa Katutu?

Tun daga watan Yuni na shekarar 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa Naira mara a kasuwar canji, harkar ciniki a manyan biranen ƙasar nan ta shiga wani hali mai wuya. Dalar Amurka da ake saye a kan Naira 460 da 'yan kai a farashin hukuma ta kai Naira 1,500 a farkon 2024, kuma kafin wannan shekara ta ƙare kuɗin ruwan da Babban Banki yake ƙayyadewa ya kai kashi 27 da rabi cikin ɗari. Duk ɗan kasuwar da ya karɓo kaya bashi daga ƙasar Sin ko Dubai bisa alkawarin zai biya da dala, da duk mai masana'antar da ya ci bashin banki don sayen injuna, ya wayi gari abin da ake binsa ya ninka, alhali kuwa cinikinsa bai ninka ba. A birni irin Kano, daga Kantin Kwari zuwa Singa da Dawanau, daga Bompai zuwa Sharaɗa da Challawa, maganar wane ya karye ta zama ruwan dare.

Karayar arziki ba sabon abu ba ne a kasuwa, domin Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ya kamata a duba shi ne yadda jama'a suke tunkarar ta. Yawancin waɗanda bashi ya ci ƙarfinsu ba su neman lauya sai ranar da ma'aikacin kotu ya liƙa takarda a ƙofar kanti, kuma a wannan rana, cikin ruɗewa, duk lauyan da aka nuna musu shi za su ɗauka. Wannan kuskure biyu ne a haɗe, watau jinkiri da kuma zaɓen tumun dare. Dokar ƙasar nan a yau ta buɗe hanyoyin ceto kasuwancin da ya ɗauko durƙushewa, amma ba mai cin moriyarsu sai wanda ya zo da wuri, tare da lauyan da ya san su.

Kunya Da Jinkiri

Dalilin jinkirin sananne ne. A wurin ɗan kasuwa mutunci shi ne rabin jari, kuma yana tsoron ranar da aka gan shi a ofishin lauya labari zai bazu a layi, masu ba shi kaya su janye hannu. Saboda haka sai ya ci wani bashin don ya biya na baya, ya sayar da fili, ya jinginar da gidan da iyalinsa suke ciki, har ya kai ga rubuta cek alhali ya san babu kuɗi a asusunsa. A nan ne bashi, wanda a asalinsa ba laifi ba ne, yake rikiɗewa ya zama laifi, domin dokar shekarar 1977 a kan cek na bogi ta tanadi ɗaurin shekara 2 ga wanda aka kama da wannan aiki.

Shi ma mai bin bashi yana da nasa kuskuren. Sau da yawa ofishin 'yan sanda yake fara zuwa don a tsare wanda yake bi har danginsa su kawo kuɗi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma kotuna sun sha nanata cewa karɓar bashi ba aikin 'yan sanda ba ne. Wanda ya bi wannan hanya yana iya samun kansa a gaban alƙali ana neman ya biya diyyar tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, ga kuɗinsa kuma bai fito ba. Da ya tuntuɓi lauyan da ya san aikinsa, da tun a zaman farko ya hana shi.

Abin Da Doka Ta Canja

Shekara da shekaru, kamfanin da ya gaza biyan bashi a Nijeriya abu biyu ne yawanci ke jiransa. Ko banki ya naɗa wakilin da zai karɓe dukiyar da aka jinginar ya sayar, ko kuma kotu ta rushe kamfanin a raba abin da ya rage. A ranar 7 ga Agusta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Kamfanoni wadda ta maye gurbin ta 1990, kuma ta zo da hanyoyin da a da babu su.

Hanya ta ɗaya ita ce daraktocin kamfani su gabatar wa masu binsu bashi tayin yadda za su biya, ko a rage wani abu ko a tsawaita lokaci, ƙarƙashin kulawar ƙwararren da doka ta amince da shi. In taron masu bin bashi ya amince, yarjejeniyar ta hau kan kowa, sai dai ba ta taɓa haƙƙin mai riƙe da jingina sai da yardarsa. Hanya ta biyu ita ce a naɗa wa kamfani kantoma, wanda aikinsa na farko shi ne ya yi jinyar kamfanin ya ci gaba da rayuwa, sai in hakan ya gagara ne zai juya ga neman abin da ya fi wa masu bin bashi alheri. Kotu tana iya naɗa shi, kamfanin da kansa ko daraktocinsa suna iya naɗa shi, haka ma bankin da yake riƙe da jinginar dukiyar kamfanin gaba ɗaya. Muddin kantoman yana kan aiki ba mai ikon ƙwace kayan jingina ko ci gaba da ƙarar kamfanin sai da yardarsa ko da izinin kotu, kuma wa'adinsa shekara ɗaya ne in ba a ƙara masa ba. Wannan sararin numfashi shi ne abin da mai masana'anta a Sharaɗa yake bukata in odar kaya tana hannunsa amma banki ya matsa masa lamba.

Sai dai kuma dokar ba ta zo da sauƙi kaɗai ba. Ta tanadi cewa daraktan da ya san kamfaninsa ba shi da makawa sai rushewa, amma ya ci gaba da karɓar kayan mutane bashi, kotu tana iya sa shi ya biya daga aljihunsa. Haka kuma wanda ya ga alamar karaya ya yi sauri ya biya surukinsa ya bar sauran masu binsa, ko ya mayar da gida da sunan ɗansa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kotu tana da ikon warware wannan ciniki. Watau dabarun da ɗan kasuwa yake yi a ɓoye cikin watannin jinkiri su ne ainihin abubuwan da za su ɗaure shi daga baya.

Bugu da ƙari, ba kowane lauya ne doka ta yarda ya riƙe muƙamin kantoma ko mai rabon dukiyar kamfanin da aka rushe ba. Tilas ya kasance yana da digiri a fannin shari'a ko akanta ko makamancinsu, da gogewar aƙalla shekara 5 a kan harkar karayar arziki, da shaidar ƙungiyar ƙwararru irin BRIPAN, da kuma izinin Hukumar Rajistar Kamfanoni. Ita kanta doka ke nan ta shaida cewa wannan fanni ne mai zaman kansa.

Inda Ƙwarewa Take Aiki

Mai karatu yana iya cewa ai lauya lauya ne, tunda dukkansu Makarantar Horar da Lauyoyi ɗaya suka bi, ko a Ikko ko a Bwari ko a Bagauda. Gaskiya ne, amma likitoci ma makaranta ɗaya suka bi, kuma ba wanda yake kai ciwon ido wurin likitan ƙashi. Lauyan da ya shahara wajen shari'ar zaɓe ko rikicin fili ko belin waɗanda ake tuhuma gwani ne a fagensa. Shari'ar ciniki tana da nata ramukan, kuma misali uku sun isa su nuna haka.

Na farko shi ne hurumin kotu. Sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya shari'ar karayar arziki da ta rushe kamfani, ba kotun jiha ko kotun shari'ar Musulunci da take da ikon taɓa su. Amma bashin ciniki na yau da kullum, kamar wanda ya karɓi atamfa bai biya ba, wannan na kotunan jiha ne. A shekarar 2005, a shari'ar Onuorah da Matatar Mai ta Kaduna, Kotun Ƙoli ta yanke cewa Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumin sauraron ƙarar yarjejeniyar ciniki zalla, ko da kuwa wanda ake ƙara kamfanin gwamnatin tarayya ne. Duk ƙarar da aka shigar a kotun da ba ta da hurumi, komai kyawun hujjarta, komai shekarun da ta ci, rushe ta za a yi a koma farko.

Na biyu shi ne ƙa'idar takardu. A shekarar 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, maimakon sunan lauyan da yake cikin rajistar kotun, ba ta da inganci. A 2012 cikakken zaman kotun ya sake tabbatar da wannan hukunci. Ƙararraki da dama sun faɗi a kan wannan batu kaɗai, ba tare da an ko duba wane ne mai gaskiya ba.

Na uku shi ne wa'adi. Doka ta ƙayyade lokacin da mai bin bashi zai kai ƙara, a Ikko shekara 6 ne, a wasu jihohi kuwa 5. Wanda ya yi ta kawaici saboda zumunci har lokacin ya wuce ya rasa damarsa a kotu. Ƙwararren lauya ya san cewa takardar da wanda ake bi ya rubuta yana amsa bashin tana sabunta wa'adin, don haka ita zai fara nema. Ya kuma san cewa in an aika wa kamfani takardar neman biya irin wadda doka ta tsara, mako 3 kacal gare shi kafin a ɗauke shi a matsayin wanda ya gaza, a nemi kotu ta rushe shi. Ɗan kasuwar da ya jefa irin wannan takarda a aljihun tebur yana jiran Allah Ya kawo ciniki ya yi wa kansa babbar illa. A ɗaya ɓangaren kuma, kotuna ba su yarda a yi amfani da ƙarar rushe kamfani don tsoratar da wanda yake da hujjar musanta bashin ba.

Akwai kuma hukumar AMCON da aka kafa a 2010 don sayen basussukan da suka maƙale wa bankuna. Dokarta ta ba ta ƙarfin da banki ba shi da shi, har tana iya samun umarnin kotu na riƙe dukiya da rufe asusu tun kafin a saurari wanda ake bi. Ita ce ta karɓe ragamar kamfanin jiragen sama na Arik a watan Fabrairu 2017. Wanda bashinsa ya koma hannun wannan hukuma, ya kuma tura mata lauyan da bai taɓa karanta dokarta ba, ya shiga kokawa da hannu ɗaya.

Abin Da Ya Shafi Ma'aikaci

Kada ma'aikacin gwamnati ya ɗauka wannan magana ta 'yan kasuwa ce kawai. Ma'aikata ne ake yawan roƙo su tsaya wa ɗan'uwa ko aboki a banki, saboda albashinsu tabbatacce ne. Wanda ya sa hannu a takardar lamuni ya ɗauki bashin a wuyansa, kuma banki yana iya binsa kai tsaye ranar da mai bashin ya gaza. Dokokin aikin gwamnatin tarayya kuwa sun lissafa karayar arziki da nutsewa cikin bashi a jerin manyan laifuffukan da kan iya jawo kora. Tsarin Mulki ma ya hana wanda kotu ta ayyana a matsayin karyayye, muddin ba a wanke shi ba, tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa.

Haka nan wanda ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a kasuwa ya kamata ya san bambancin rajistar sunan kasuwanci da rajistar kamfani. Mai sunan kasuwanci shi da kantinsa abu ɗaya ne a idon doka, in kanti ya karye ana iya bin gidansa da gonarsa. Kamfani kuwa mutum ne mai zaman kansa, bashinsa nasa ne. Amma bankuna sun san haka, shi ya sa suke sa darakta ya sa hannu a takardar lamuni ta ƙashin kansa, wadda take rushe wannan katanga. Kuɗin da za a ba lauya ya karanta takarda kafin a sa hannu bai kai abin da za a kashe bayan an sa ba.

Yadda Za A Zaɓa

A babban birni lauyoyi suna da yawa, allunansu sun cika tituna, kuma a harabar kowace kotu akwai 'yan kamasho masu jan mutane zuwa ofishin wanda zai ba su lada. Ƙa'idojin aikin lauya sun haramta wannan, kuma lauyan da yake neman aiki ta hannun dillali ya riga ya nuna matsayinsa. Abin da ya fi shi ne a tambayi akantan da aka amince da shi, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, ko reshen Ƙungiyar Lauyoyi na garin, ko wani ɗan kasuwar da ya taɓa shiga irin wannan hali ya fita.

In an zauna da lauyan, ba rashin ladabi ba ne a tambaye shi shari'o'in kamfani nawa ya yi a Babbar Kotun Tarayya, da yadda suka ƙare, da ko yana da izinin aikin karayar arziki ko yana aiki da wanda yake da shi. Lalle ne a tambaye shi ko ofishinsa yana yi wa bankin da ake rikici da shi aiki, domin manyan ofisoshin lauyoyi da yawa bankuna ne manyan abokan cinikinsu, kuma doka ta hana lauya tsaya wa ɓangarori biyu masu jayayya. A duba hatimin Ƙungiyar Lauyoyi a kan takardunsa, wanda yake ɗauke da sunansa da lambarsa.

Sa'an nan a saurari irin tambayoyin da shi yake yi. Ƙwararre zai nemi takardar bashi, da bayanin asusun banki, da takardun jingina, da jerin duk waɗanda suke bin kuɗi, kafin ya ce uffan. Sau da yawa zai sa akanta ya sake lissafin kuɗin ruwan da banki ya ɗora, domin akan sami abin da ya wuce yarjejeniya. Wanda kuwa bai ga takarda ko ɗaya ba ya bugi ƙirji ya ce nasara tabbas ce, ko ya rage murya ya ce ya san alƙali, wannan a guje shi. Wanda dabararsa duka ita ce neman a ɗage shari'a shi ma a guje shi, domin kuɗin ruwa ba ya tsayawa don an ɗage zama.

Game da muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, watau SAN, wanda aka fara bayarwa a 1975 ga Cif Rotimi Williams da Dakta Nabo Graham-Douglas, ba shakka alama ce ta gogewa, tunda ba a ba wanda bai shekara 10 yana aiki ba. Amma muƙamin bai faɗi fannin da mai shi ya ƙware ba, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin matsakaicin ɗan kasuwa. Lauya mai shekara 12 da ya ƙare rayuwarsa a kan shari'ar banki da kamfani ya fi amfani ga mai kanti a Kwari bisa ga babban suna wanda zai miƙa fayil ɗin ga ƙaramin yaron ofishinsa. A tambaya tun farko wane ne zai riƙa tsayawa a kotu.

Maganar kuɗi kuma a yi ta a rubuce. Dokar ladan lauyoyi ta 2023 ta ƙayyade mafi ƙarancin abin da za a biya, ta kuma bukaci a rubuta sharuɗɗan aiki. A san ko biyan na aikin gaba ɗaya ne ko na kowane zama, a san wanda zai biya kuɗin shigar da takardu da na tafiya, a karɓi rasit. Mai bin bashi yana iya shiryawa da lauya a kan wani kaso na abin da aka karɓo, doka ta yarda da haka a shari'ar da ba ta laifi ba. Lauyan da ya ci amanar kuɗin wanda yake wa aiki kuwa akwai Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi da yake da ikon soke sunansa.

Masu Cewa Sulhu Ya Fi

Akwai masu cewa duk wannan ɓata kuɗi ne, wanda ya karye ina ya ga na lauya, kuma shari'a a ƙasar nan tana iya cin shekara 10 kafin ta fito daga Kotun Ƙoli, gara a bar dattawan kasuwa su sasanta. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Shugabannin kasuwa sun kashe wutar rigingimu masu yawa waɗanda da sun je kotu da zumunci ya lalace. Amma sulhun dattawa yana aiki ne tsakanin mutanen da suke jin kunyar juna. Banki ba ya zuwa zauren dattijo, kamfanin da yake Guangzhou ma haka, kuma mai bin bashi ɗaya da ya ƙi amincewa ya isa ya rushe abin da tara suka yarda da shi.

Ban da haka, lauyan kirki ba abokin gabar sulhu ba ne. Mafi yawan aikinsa a kan tebur yake ƙarewa. Akwai zauren sasanci na kotu da aka buɗe a Ikko a 2002, Kano ma ta buɗe nata a 2009, inda yarjejeniyar da aka cim ma take zama hukunci in alƙali ya sa mata hannu. Akwai kotunan ƙananan basussuka da aka fara a Ikko a 2018, Kano ta bi sahu, waɗanda mutum yake iya tsaya wa kansa. Akwai kuma sabuwar dokar sasanci ta 2023. Lauyan da ya ce wa mutum wannan bashi bai kai a ɗauki lauya ba, ya nuna masa ƙaramar kotu, shi ne wanda ya kamata a koma wa ranar babbar magana.

Illar barin kamfani ya mutu ba tare da an bi hanyar doka ba tana nan a Kakuri. Masaƙar Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya da aiki a 2002, kuma ma'aikatanta sun shafe shekaru suna neman haƙƙinsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Alhali kuwa doka ta sa albashin ma'aikata cikin abubuwan da ake fara biya in an rushe kamfani bisa ƙa'ida. Jinkirin mai kamfani ba shi kaɗai yake cutarwa ba, har da leburori da masu kawo masa kaya da iyalansu.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa da rassan Ƙungiyar Lauyoyi su fitar da sunayen masu izinin wannan aiki a kowane babban birni, su kuma bayyana tanadin dokar 2020 da harshen Hausa a rediyo da cikin kasuwanni. Ya kamata Majalisar Tarayya ta sabunta dokar karayar arzikin mutum ɗaya, wadda aka yi tun 1979 lokacin da Naira ta fi dala daraja, domin yawancin 'yan kasuwar Arewa da sunan kansu suke ciniki, sauƙin da aka yi wa kamfanoni bai kai gare su ba. Ɗaliban shari'a na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su ma su lura cewa wannan fage ne mai bukatar hannu, kada kowa ya ruga shari'ar zaɓe. Shi kuwa ɗan kasuwa, ranar da ya ga ya fara cin bashi don biyan bashi, ranar ce ta tattara takardunsa ya nemi wanda ya sani, tun kanti yana buɗe kuma tun akwai abin da za a ceto.